Ranar da Safura Ta Kira Shi Maigida

Duk Bahaushen da ya koyi mota a unguwar Barking, can ƙasar Turawa, cikin shekarun nan, da wuya in ba ta hannun Nata'ala ya bi ba. Mutumin Gusau ne, dogo, mai ɗan gemu da furfura ta fara taɓawa. Aikinsa tun safe har la'asar ba da umarni ne: taka birki, duba madubi, hagu na ce ba dama ba. Likitoci da lauyoyi sun sha faɗansa sun haɗiye. A masallaci ma shi ake sa wa ya daidaita sahu, don muryarsa ba ta neman lasifika. Ba wanda zai dube shi ya ce ga mutumin da ya gaji da a bi shi.

Amma ya gaji. Shekara biyar da aurensa da Safura, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ya yi ta maza ya faɗa mata abin da ke ransa tun yana saurayi. Yana so, ko da awa biyu ne a mako, ita ta zama mai faɗa, shi mai bi. Ya durƙusa, ya wanke mata ƙafa, ta ce yi ya yi, ta ce bari ya bari. Safura ta yi dariya har da hawaye, da ta ga ba wasa yake ba sai ta tsorata. Kalmar da ya ɗauko ce ta tayar mata da hankali, wai so yake ya bauta mata. Ta ce bauta ta Allah ce, kada ya jefa su cikin shirka suna zaman zamansu.

Wata huɗu suna jan maganar kafin ta yarda, da sharuɗɗanta. Goshinsa ba zai taɓa ƙasa ba. Sunan abin hidima. Ba zai fita daga tsakaninsu ba. In ya miƙe tsaye an gama, ita kuma in ta ce "Maigida" an tashi daga hidimar ke nan. Dama ba ta kiransa haka, Baban Nabil take cewa.

To haka aka yi shekara bakwai. Kowace Asabar da safe, yara na Islamiyya, sai ya kawo ruwan ɗumi a wata shuɗiyar roba, tawul a kafaɗa, ya durƙusa a falo. Ranki ya daɗe, yake ce mata. Ita kuwa ta aike shi shayi, ta ce ya yi sanyi, ya koma ya sake, yana jin daɗi har cikin ransa. Safura da ta shiga abin dominsa ta zo tana ɗokin Asabar, don ƙafar da ta yi mako tana zarya a asibiti ba ta ƙin hannu mai tausayi. A duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ta buƙaci kalmar nan ba.

Sai wata Asabar yayarsa Fulera ta taso daga Lewisham da dambun nama, ba ta yi waya ba. Tana da makullin gidan tun haihuwar autarsu, kuma irin gidajen nan ƙofa na buɗewa kana cikin falo. Sallamarta da shigowarta tare suka zo. Ta tarar da ƙanenta a ƙasa, ƙafar matarsa a hannunsa, yana tambayar ranki ya daɗe ko a ƙara ruwan zafi. Fulera ta saki leda ta hau salati. Ya zabura ya miƙe, ruwan ya kife a kan kafet.

"Nata'ala, me nake gani haka?"

Da ya ce ƙafarta ce ta kumbura, da an wuce wurin. Da ya ce ba ruwanki, Yaya, da an yi fushin mako guda an shirya. Amma mutumin da bakinsa bai taɓa mutuwa ba a cikin mota sai ya ce, "Wallahi Yaya, ban san abin da ya same ni ba."

Magana ɗaya ke nan da kunnen Bahaushiya ba ya yi wa fassara biyu. Kafin Fulera ta kai tashar jirgin ƙasa, labari ya isa Gusau cewa Safura ta shanye shi.

Aka aiko da rubutu, ya sha. Aka kawo ruwan addu'a, ya yi wanka. Maza a masallaci suka riƙa riƙe hannunsa suna yi masa sannu, har waɗanda da ba sa gaishe shi. Gaskiyar da ke cinsa ita ce, ya ji daɗin sannun. Tausayi ya fi masa sauƙin ɗauka a kan dariya, ya kuma san da sun ji cewa shi ne ya roƙi a yi abin, da ba mai sake jin tsawarsa a sahu. Safura kuwa aka cire ta daga zauren matan unguwa na waya ba tare da ko uffan ba. Ta dafa waina ta kai wani suna a Tottenham, kular ta dawo yadda ta tafi, ba wadda ta yarda ta ci abin hannunta.

Ba ta kare kanta ba. Da ya tambaye ta dalili, yana kallon bango, cewa ta yi, "Ni na kafa sharaɗin, ba zan karya ba. Sirrinka ne, Baban Nabil. In za a faɗa, kai za ka faɗa."

Bayan wata biyu Fulera ta zo da wani dattijon masallaci don a yi sulhu. Dattijon ya yi nasiha mai tsawo a kan biyayyar aure, sannan ya juyo ya tambayi Nata'ala ko yana da abin cewa. Safura na tsaye bakin kicin da faranti a hannu, shi kaɗai take kallo. Ya dubi wurin da ruwan ya kife, ya ce alhamdu lillahi, ya ji sauƙi sosai.

Ta tako a hankali, ta kai gwiwa biyu ƙasa a gabansa, ta ajiye farantin.

"Maigida, ga abinci."

Fulera ta yi hamdala, ta ce addu'a ta ci. Dattijon ya sa albarka. Shi kaɗai a ɗakin ya san abin da aka faɗa masa, kuma loma uku ya iya kaiwa baki.

Wata tara ke nan yanzu. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga masa murya ba, mata ma sun fara amsa gaisuwarta sama-sama. Sau uku yana tuƙa mota har Lewisham da niyyar ya gaya wa Fulera gaskiya. Duk ukun ya sha shayi, ya yi ƙorafin wahalar wurin ajiye mota, ya dawo. Ɗalibansa sun ce ya rage faɗa, suna zaton tsufa ne.

Asabar da ta wuce ya ciro robar daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya cika ta da ruwan ɗumi, ya tsaya a falo da tawul a kafaɗa. Safura ta sauko cikin kayan aiki, don yanzu ta roƙa a riƙa sa ta aikin Asabar. Ta dubi robar, ta dube shi, ba fushi a fuskarta. Ta ɗauki jakarta.

"Sai na dawo, Maigida."