Shukar da Yaya Ya Yi a Kansa

Sanƙo a gidanmu gado ne. Babanmu yana da shi, kakanmu ma haka, kuma ban taɓa jin wanda abin ya hana barci ba sai yayana. Shi ma a gida bai damu ba, tunda hula tana rufe komai. Landan ce ta tona masa asiri.

Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati tana ta turo ma'aikata kwas kamar ana rabon goro. Yaya ya zo karatun mulki, ni kuma ina koyon aikin jinya a Camberwell, muka kama ɗakuna biyu a saman wani gida. A ajinsu ba a zama da hula. Samarin Legas kowa da sumarsa tsibi guda, da mataji a soke. Yaya kuwa da ya cire hula sai kansa ya hau gasa da fitilar aji. Burinsa a duniya ya zama ɗaya: ya shiga taro kai a buɗe, mutane su kalli fuskarsa, ba saman kansa ba.

Wata rana ina tuƙa tuwo ya shigo yana murmushi.

"Na yi booking," in ji shi.

"Na me, Yaya?"

"Dashen gashi."

A wancan lokacin aikin ba na wasa ba ne. Ƙwaƙulo fata ake yi da gashinta daga ƙeya, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, a huda gaban kai a cusa. Na ce masa ya tambayi likitan ko ya taɓa yi wa baƙar fata, don tabonmu yakan kumbura. Na ce gashin nan daga ƙeyarsa za a ɗebo, ba daga kanti ba, kuma sanƙon bai gama tafiyarsa ba tukuna. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Ke, allura aka turo ki koyo ko shari'a?"

Raina ya ɓaci, na koma kan tuwona.

Ranar aikin ya dawo kai naɗe da bandeji. Likita ya hana shi jiƙa kai, ya hana shi sunkuyawa. Mutum da ƙafafunsa lafiya lau ya koma salla a kan kujera, barci ma a zaune, duk don 'yan aji. Gashin da aka dasa ya fara zubewa, Yaya ya daina cin abinci. Daga baya ya tsiro tsiri-tsiri a jere, sak shukar gero bayan ruwan fari. Ƙeya kuwa tabo ne layi-layi. Dabarar da ta rage ita ce ya tara sauran gashin ya yi yawa, ya riƙa tajewa yana rufe gaba da baya. Ya kuwa tara. In ka hango shi daga nesa, kuma babu iska, ba laifi.

Abin da Yaya bai lissafa ba shi ne, a gidanmu namiji ba ya tara suma. Duk Juma'a Baba yana kiran wanzami a kwashe wa kowa kai tal. A wurinsa suma ta mahaukata ce da 'yan iska.

Sai ga Baba ya zo Landan a cire masa yanar ido. Kafin aikin ba ya gani sosai, Yaya yana ta wucewa gabansa hankali kwance. Da idon ya warke, ranar wata Juma'a da safe, Baba ya ƙura masa ido.

"Kai, mene ne wannan ke leƙowa ta ƙarƙashin hularka?"

"Sanyin garin ne, Baba."

"Da wannan za ka bi ni masallaci? Ke, kawo reza da ruwan ɗumi."

Babban ma'aikacin gwamnati, uban 'ya'ya, ya durƙusa a kan tabarma ba musu. Ni na riƙe kwanon ruwa, dariya tana neman shaƙe ni. Baba ya shafa sabulu ya fara daga gaba. Shukar ta tafi, ta bar ƙuraje a jere. Ya ɗan yamutsa fuska, ya ci gaba. Da reza ta sauka ƙeya sai ya tsaya. Tabon ya fito fili, rami-rami kamar gurbin dara, wasu sun kumbura suna sheƙi.

Baba ya taɓa wurin da yatsa.

"Wa ya yi maka wannan? Ciwo ka yi kuka ɓoye mini?"

"Ba ciwo ba ne, Baba. Ni na kai kaina."

"Saboda me?"

Da ƙyar maganar ta fito. "Sanƙo."

Baba ya ajiye reza. Ya cire hularsa, ya shafa nasa kan tun daga goshi har ƙeya, a hankali.

"Irin wannan?" ya ce.

Dariyar ta mutu a cikina. Tausayin tsohon nan ya kama ni, don ban taɓa ganin an kunyata shi haka ba, kuma ɗansa ne ya yi, ba tare da ya ce masa komai ba. Yaya ya kasa ɗaga kai.

Baba ya ƙarasa askin yana kewaye kowane tabo kada ya fama. Ya goge masa kai da gefen rigarsa, ya ɗauki tasa hular ya kifa masa.

"Ka riƙa rufewa," ya ce. "Kada uwarka ta gani."