'Ya'yan Ludon da Aka Samu a Aljihun Che Mtalika

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, Che Yusufu Mtalika ya rasu a nan Zomba bayan gajeriyar jinya.

Yaya Yusufu, bakina da ba ya kyale kowa, sai ga shi ya mutu a ranar da ka fi bukatarsa. Da aka dawo daga makabarta, kawunka ya fito da 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa da aka samu a aljihunka, ya tambaya ko akwai wanda ya san menene wannan. Wani ya ce caca ce. Mu abokan wasanka muna zaune a wurin, gemai-gemai da mu, muka sunkuyar da kai. Kunya muka ji a ce wasa muke yi, sai muka bari a kira ka dan caca.

To yanzu kowa ya ji. Duk Asabar muna haduwa a bayan shagon dinki, a zagaye tebur, ina jan labari, kowa ya kago mutum guda ya zama shi, 'ya'yan ludo su yanke abin da zai faru. Ba a taba aza kudi ba, ko kwacha daya.

Mu duka mayaka muka kago. Kai ka kago mai girki, Siyatu, wadda ko wuka ba ta dauka sai ta yankan albasa. Sihirinta na cikin labari shi ne kunna jikakken gawayi, da busar da wanki da damina, da sa tukunyar tuwon nsima daya ta kosar da ayari. Na sha zaginka a kan haka. Na taba ce maka dodo yana gabanmu kai kana hura wuta, ka ce, "Yi yakinka, kanena. In ka gama ai za ka ji yunwa." Ranar da takubbanmu suka kasa bude kofar wani birni, Siyatu ce ta lallashi jaririn mai gadi ya yi barci, aka bude mana. Ban yabe ka ba, haushi ma na ji.

Jiya na je gidanka. Matarka, Asiyatu, ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Fada mini gaskiya, kanin miji. Caca yake yi?"

Na fada mata komai, ina inda-inda kamar an kama ni da sata. Da na zo kan gawayi da wanki da tukunya, sai ta rufe fuska da mayafi. Na dauka kuka take, ashe har da dariya.

"Wannan ai aikina ne," in ji ta. "Shi da bai taba cewa miyata ta yi dadi ba!"

Ta tashi ta je ta karbi 'ya'yan ludon daga hannun kawunka, ta daure su a bakin zanenta.

Yaya, ka yafe mana shirun nan. Allah Ya jikanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina mika ta'aziyyata ga Asiyatu, da 'ya'yanku Twaibu da Patuma, da dukkan dangin Mtalika. Allah Ya ba su hakuri. Duk wanda ya ji maganar caca a wurin jana'iza, ina rokonsa ya kai wannan gyaran inda ya kai waccan.