Baba Kafiya da Fitilar da Ya Ƙi Rufewa

Kafin masu shagunan layin su gama buɗe ƙofa, Baba Kafiya ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera kayan aiki a kan tsumma, ya goge tabarau da bakin riga. Aikinsa wutar mota ne. In aka kawo masa mota ba ya fara buɗe bonet. Kujerar direba yake shiga, ya murɗa makulli, ya zuba wa fitilun gaban sitiyari ido. Dukkansu ya kamata su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam ita yake nema, domin ya san wani ne ya cire mata ƙwai.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe shago, ido ya gaza. Shi ya sa na ce sai na yi wannan rubutu yanzu, yana raye, a karanta masa ya ji.

Sunan Kafiya mu muka laƙaba masa, kuma ba don yabo ba. Akwai wata fitila mai hoton ƙaramar mota da layuka biyu a lanƙwashe a bayanta. Ta na'urar da ke hana mota ƙwacewa ce. In direba ya kauce wa wani abu da sauri, ko ya sha kwana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta bayan motar ya fara zamewa, na'urar ce ke kama birkin taya ɗaya da kanta, ta daidaita motar kafin direba ya gama salati. In ta lalace, fitilar sai ta tsaya a kunne. Gyaran akwai tsada, don haka 'yan layin suka samo dabara: a manna baƙin salatif a kan fitilar, ko a zare ƙwan. Minti biyar, mai mota ya tafi yana godiya. Baba bai taɓa yi ba, kuma Allah kaɗai ya san kwastomomi nawa ya rasa a kan haka.

Kada wani ya ce son kuɗi ne. Mai faci da ke maƙwabtaka da shi ya ba ni labarin wani attajiri da ya kawo tsohuwar motarsa, wadda ba ta zo da na'urar ba, ya ce a saka masa ko nawa ne. Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, motar nan ba a ƙera ta da abin nan ba. In na cusa mata, kuɗinka zan ci, ka tafi kana gudu da ƙarfin gwiwar banza. Sayi tayoyi masu kyau, ka rage gudu. Ran da za ka canza mota, ka nemi mai shi.” Mai faci ya ce shi ne ya ci ribar ranar, don a wurinsa aka sayi tayoyin.

Ni kuwa nawa ya zo ta kan autata. Nas ce, aka tura ta wani asibiti a bayan gari, tafiyar awa guda, hanya duk kwana, ga ta da cikin wata biyar. Fitilar ta kama a motarta, na kai wa Baba. Ya jona kwamfutarsa, ya ce sensa biyu, masu sanar da na'urar motsin taya, su ne suka mutu, ya faɗi kuɗin. Ya kusa albashinta na wata.

Na ce, “Haba Baba, mota lafiyarta ƙalau, birki na ci. Manna mana abin nan kawai.”

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Malam, ga shago can, su manna maka har su wanke motar kyauta. Ni hannuna ba zai yi ba. Wa ke tuƙa ta?”

“'Yata.”

“To ba da kai zan yi magana ba. Kira min ita.”

Na kira ta don in nuna masa gidana ba a ƙetare maganata. Ya karɓi wayar, ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Da ya miƙo min, sai na ji ta ce, “Abba, a gyara. Kayan jariri sa jira.” Ya gyara, amma ranar na bar garejin ko sallama ban yi masa ba, na kuma sha alwashin ba zan sake taka wurin ba.

Wata biyu bayan haka, da rana tsaka ana yayyafi, buhu ya faɗo daga wata babbar mota a gaban 'yar tawa, daidai kwana. Ta fizgi sitiyari. Da ta iso gida ta ce, “Abba, bayan motar ya tafi, ina ji ina gani. Sai na ji gurrr a ƙasa, kamar wani ya riƙo ta ya miƙar da ita.” Allah ne ya tsare, ba na ja. Amma na san ta hannun wa Ya biyo, kuma na san abin da ni uban nata na roƙa a yi.

Washegari na haɗiye alwashina na je. Na ba shi labari idona na kawo ruwa. Ya ce alhamdulillahi, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce tayoyin baya sun kusa ƙarewa, a canza.

Baba, kai ne ka yarda a zage ka a kan abin da ba a gani. Haɗarin da bai faru ba ba ya shiga labarai, ba mai zuwa da tukwici a kansa. Kai ne ka kunyata ni a gaban 'yata, kuma har in mutu ina gode maka. Allah Ya saka maka, Ya sa ka huta lafiya.

Ku masu garejin da za ku ci gaba da buɗe shago bayansa, ku ɗauki wannan hali ko da kwastoma zai yi fushi. Fushin na kwana biyu ne. Mu masu motoci kuma mu daina roƙon a rufe mana ido. Duk wanda har yanzu yake ganin kuɗin gyaran ya yi yawa, ya zo gidana. Jikata ta fara tafiya, zan miƙa masa ita ya ɗauka, sannan ya faɗa min nawa ne ya yi yawa.