Ƙofar da Na Fasa a Katangar Babana

Ina da shekara goma sha tara labari ya iso ƙauyenmu, can bayan Apo, cewa za a tashe mu. Dama gari ya riga ya cinye gonakinmu na gabas, bakanikai sun jibge matattun motoci inda muke shuka doya, gidajen kawai suka rage. Aka ce masu ƙirga za su zo nan da sati uku, kuma duk baligin da ke da ɗakinsa da ƙofarsa mai kallon waje, za a rubuta shi gida guda, a ba shi fuloti a sabon matsuguni.

Kafin ka ce kwabo kowa ya zama magini. Babana ya kwaɓa ƙasa ya fara tayar wa ƙanena ɗaki a gefen rumbu, ƙanen da na girma da shekara guda, wanda ni na koya masa riƙe fartanya. Na tsaya a kan Baba na ce, "Baba, ina nawa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ƙofarki tana gidan mijinki."

Ba ni da miji, ba ni da saurayi, ban kuma saka ranar nema ba. Ba zan yi wa babana ƙarya ba, bai taɓa duka na ba, bai taɓa bari na da yunwa ba. Amma ni ce nake fita kullum da kwandon doya zuwa tashar Jabi, in gasa in sayar, in dawo ina warin hayaƙi. Na ji haushi ƙwarai. Ina son wurin da in na rufe, babu mai ce mini in buɗe.

Akwai wata mata mai buga takardu a gefen tashar, kullum tana sayen doyata da manja. Ita na tambaya ko Baba yana da ikon hana ni. Ta ce, "Kin wuce eighteen? To doka ba ta ɗauke ki yarinya ba. Ko yau kika kwashe kayanki, babu ɗan sandan da zai dawo da ke. Amma ina shaidar shekarunki?"

Shaidar me? A ɗakin Mama aka haife ni, ba wanda ya rubuta komai. Matar ta ce to sai takardar rantsuwa a kotu, kuma uwa ko uba ko wani babba na gida shi zai rantse. Na yi dariya da ba ta daɗi ba. Doka ta yarda na girma, amma sai waɗanda nake son bari sun je sun tabbatar mata.

Mama ce ta yi. Ranar kasuwa ta ɗora itace a kafaɗa kamar kullum, ta ce wa Baba ta tafi sayarwa. Muka ajiye itacen wurin wata mai abinci, muka hau mota. A kotu aka tambaye ta yaushe ta haife ni, ta ce damina biyu bayan rasuwar surukarta, ana cire doyar fari. Magatakardan ya dube ni, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ya yi lissafinsa. Mama ta dangwala yatsa. Duk hanyar dawowa tana goge shuɗin tawadar da bakin zanenta.

Ɗakin da nake kwana, ƙofarsa tsakar gida take kallo, bayansa kuma shi ne katangar gidan, yana kallon hanyar rafi. Ranar Asabar da hantsi, Baba yana gona, na ɗauki digarsa na fasa bangon. Ƙasa ce, ba ta yi mini gardama ba. Na kafa itace biyu, na rataya tsohon kwanon rufi, sannan na kwashi ragowar tubalin ɗakin ƙanena na toshe tsohuwar ƙofar da ke kallon tsakar gida. Maƙwabta suka taru suna kallo, wata tsohuwa tana cewa yarinyar nan aljanu ne suka shige ta. Na ce mata in aljanu ne, to sun iya gini.

Da Baba ya dawo ya zaga ta waje, ya zaga ta ciki. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kin toshe ƙofar da ke kallon tukunyata. To kin toshe tukunyar." Daga ranar na fara hura wutata ni kaɗai a bakin hanya.

Masu ƙirga suka zo da fom da gwangwanin jan fenti. Babbansu, wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba, ya nuna kwanon ƙofar tawa ya ce, "Baba, wannan room ɗin na waye?"

Baba ya ce, "Ɗakin ajiya ne."

Na ce, "Oga, nawa ne. Ni nake kwana, ni nake girki." Na miƙa masa takardar kotu.

Ya karanta, ya dubi Baba, ya ce, "Baba, yarinya ya girma. Paper ɗinsa complete ne, ba ruwana." Ya rubuta sunana, aka shafa lamba a bango. Baba ya juya ya shige gida.

Wata biyu na iya jurewa. Zama bango ɗaya da mutumin da ba ya amsa gaisuwarka ya fi nisa ciwo. Na kama ɗaki a Nyanya. Mai gidan ya yi ta juya ni, wai ba ya ba mace marar aure haya sai da mai tsaya mata, har sai da mai buga takardun nan ta zo ta sa hannu. Na koyi tashi tun kafin kiran sallar asuba don in riga cunkoson hanya, na koyi cewa ruwa ma saye ake yi.

Shekara shida aka yi kafin takardun fuloti su fito. Sati ɗaya bayan na karɓo tawa, na ji sallama a bakin ɗakina da rana tsaka. Baba ne, ya rame, da doya uku ɗaure da igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ba shi ruwa ya sha. Raina ya yi fari, na ɗauka sulhu ne ya kawo shi.

Sai ya ce, "Ƙanenki ya yi iyali, 'ya'ya uku. Fulotinsa ya yi masa kaɗan. Ki sa hannu a mayar masa da naki, ya zauna a gida. Ke in kika yi aure, wani ne zai ci."

Na ce, "Baba, in yaransa suna son wurin kwana, zan gina su kwana. Amma sunana ba zai fita daga takardar nan ba."

"Ko da ni na roƙe ki?"

"Ko da kai ne, Baba."

Ya tashi, ya bar doyar. Na raka shi tasha, ya hana ni biya masa mota, bai kuma waiwayo ba da ta tashi. Na koma ɗaki na yi kuka har idona ya kumbura.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da wannan zuwan nasa. Na gina ɗaki biyu a fulotin, babbar 'yar ƙanena tana ɗaya tun da ta shiga sakandare. Gidan Baba yana layi na uku daga nawa. Duk safiyar Lahadi nakan je in durƙusa in gaishe shi, yakan amsa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa mai mutunci, bai taɓa tako gidana ba. Ina son babana, kuma abin yana ci mini rai har gobe. Takardar tana nan da sunana.