Katangar Aladu a Kwanar Coci

Kwana goma sha tara da binne 'yata na fara jan babbar mota da kaya a bayanta. Shekarar yarinyar biyu da 'yan watanni. Zazzaɓi ne na kwana uku. A kan babur ɗina muka kai ta asibiti, a kansa muka dawo da ita. Bayan jana'iza matata ta tafi gidansu a Manchok, ta ce za ta ɗan huta. Ban hana ta ba, ban kuma raka ta ba.

Acaɓa nake yi a Kafanchan, amma na kusa shekara ina bin wani dattijon direba ina koyon mota mai taya goma, kullum babu kaya, kullum a kan miƙaƙƙen titi. Bahaushe ne haifaffen garin, gemunsa fari fat, kowa Baba yake ce masa. Shi ya same ni zaune a ƙofar ɗaki da hantsi, ya sake yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Gobe akwai lodin citta ta wajen Nok. Ka shirya, kai za ka ja."

Na ce to. A kwanakin nan duk abin da aka ce mini, to nake cewa.

Da muka isa bakin ƙauyen Baba ya karɓi motar ya shigar da ita da kansa. Aka yi lodi har bayan azahar. Ƙamshin busasshiyar citta ya sa kowa atishawa, ni dai ina tsaye a inuwa ina kallon buhuna suna hawa. An ba ni dafaffiyar gyaɗa na ci, ban ji ɗanɗanonta ba. Da aka ɗaure tamfol, Baba ya zagaya ya hau kujerar fasinja.

Hanyar fita tana da wata kwana mai tsanani. Katangar coci a hagu, bishiyar mangwaro a gaba, a dama kuma wata gajeriyar katangar laka ta wani gida, daidai inda hanyar ta karye.

"Kada ka yi saurin karya sitiyari," in ji Baba. "Bar kanta ya wuce, kamar za ka shige mangwaron can, sannan ka juya. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi. Idonka a madubin dama."

Na ji duk abin da ya faɗa. Amma hannun ɗan acaɓa ne da ni, ina ganin kwana na sha ta. Kan motar ya shiga lafiya lau.

"Tsaya! Tsaya!"

Muryar Baba ta zo mini kamar daga wani ɗaki ake magana. Kafin ƙafata ta sami birki, na ji bayan motar ya ɗan ɗaga ya sauka. Ƙarar ba ta da yawa. Sai a lokacin na dubi madubi, na ga jar ƙasa tana zubowa, katangar ta kwanta. Ashe garken aladu ne. Uwar ta fara fitowa, 'ya'yanta suka biyo ta a guje suna tsuwwa, suka bazu cikin gonar da ke gefe.

Masu lodi suka bi su da gudu, wasu na faɗuwa, wasu na dariya. Baba da kansa ya sauka, ya tattare rigarsa da hannu ɗaya, ya ɗauki kara ya tsaya a bakin hanya yana tare dabbar da ko sunanta ba ya son kamawa. Ni ina zaune, inji yana aiki, hannuna a kan sitiyari. Na san ya kamata in ji tsoro, ko kunya. Na jira su zo, ba su zo ba.

Mai gidan ta fito, wata tsohuwa da zanen zumuntar matan coci. Ta fara da yarensu, da ta ga ban gane ba ta koma Hausa. "Kai makaho ne? Katanga nan mijina ne ya gina shi kafin ya mutu! Sauko mana, ka zauna kamar gunki!"

Na sauko na tsaya a gabanta. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Zan zo ran Asabar in gina." Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi tsaki, ta tafi ƙirga aladunta. Duk an same su.

Saura fitar da mota. Na miƙa wa Baba makulli, ya ƙi karɓa. "In na karɓa yau, gobe ma ni zan karɓa. Hau." Ya tsaya a baya inda zan gan shi a madubi. Na sa ribas, na dawo, na sake sa ribas. Sau huɗu. A na ƙarshe sai da rassan mangwaro suka goge gilashi kafin ya ɗaga hannu ya ce in karya. Muka fita. Har Kafanchan bai tada maganar ba, carbinsa kawai yake ja.

Ran Asabar na koma a kan babur. Tsohuwar ta riga ta sa an tara jar ƙasa. Na naɗe wando na shiga kwaɓi, ita tana kawo ruwa a bokiti. Aikin ya yi mini daɗi ta fuska ɗaya, ba ya bukatar tunani. Da rana ta take ta kawo mini gwaten acca, ta zauna a kan turmi tana kallona.

"Kana da iyali?"

"Ina da mata."

"Yara fa, nawa?"

"Ɗaya," na ce. Na ajiye cokali. "Babu. Watan jiya ta rasu."

Ba ta ce sannu ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta nuna bayan coci da haɓarta, inda kaburbura suke. "Nawa uku suna can." Sannan ta tashi ta taɓa kwaɓin da ƙafa. "Ƙasa nan ya bushe, yarona. Ƙara ruwa."

Na ƙara. Da la'asar na gama. Ta zagaya ta duba, ta ce ginin ya ɗan karkace amma zai riƙe alade. Ta ɗaura mini ƙullin citta a bayan babur, ta ce in kai wa matata ta sha da zuma.

Ran Litinin aka ba mu lodin masara. Akwai wata kwana a bakin kasuwa, ga masu tebura a gefe. Na bar kan motar ya wuce sosai kafin na juya, na yi ribas sau ɗaya, ban taɓa komai ba. Baba ya ce madalla. Na ce to, na sa giya ta biyu.