Ranar da Kawu Ummaru Ya Ɓoye Masu Ciwon Ido

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Ummaru. Ya cika ne wata ranar Talata cikin watan Sha'aban, bayan sallar la'asar, a ɗakinsa da ke ƙauyenmu kusa da Maiyama. Mu uku ne a kansa: matarsa Inna Hajo, da babban ɗansa Sahabi, da ni ɗan ƙanwarsa. Maganar duniya ta ƙarshe da na ji daga bakinsa ita ce, "Sahabi, ku kai uwarku Jega a duba mata idon ga." Inna Hajo ta ce, "Malam, ji da kanka." Daga nan sai kalmar shahada.

Wanda bai san gidan ba zai ce wasiyya ce ta miji mai kula da iyali. Haka ne kuwa. Amma ni da Sahabi mun kasa duban juna, domin mun san inda maganar ta samo asali.

Kawu manomin albasa ne, kuma dattijon da unguwa ke jin maganarsa ba tare da yana riƙe da wata sarauta ba. Bai taɓa haɗa ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu ba, kuma duk kasuwar Aliero an san haka. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ambaci ƙauyenmu a yi dariya.

A wannan kasuwa ya fara jin labarin masu gwajin amosanin ido. Sun je wani ƙauye da ke maƙwabtaka da mu, sun juya fatar idon yara, sun samu cutar da yawa. Ba a yi mako ba zancen ya zama abin tsokana. Da mutanen ƙauyen sun sauke kaya sai a ji wani dillali ya ɗaga murya: "Ga mutanen garin kwantsa nan! A ba su ruwa su wanke ido, kada su sai muna gwaiba su ce albasa ta!" Kawu ya yi dariya tare da kowa, amma ya dawo gida da zancen a ransa.

Cutar kuwa ba baƙuwa ba ce a gidansa. Tana farawa ne da ƙuruciya, da ƙaiƙayi da kwantsa, ƙudaje na yawo da ita daga fuska zuwa fuska. In ta daɗe tana dawowa, sai fatar ido ta naɗe, gashin ido ya juya ciki ya riƙa goga ƙwayar har gani ya tafi. Inna Hajo ta kai wannan matakin. Surukarta, matar Sahabi, ke cire mata gashin da matsefata, ya sake tsirowa da kaifi.

Da labari ya iso cewa masu gwajin za su zo mana, Kawu ya auna su da abin da ya sani. Shi ya tashi ne a zamanin duba-gari, masu shiga gida su leƙa randa da bayan gida, su rubuta sunan mai ƙazanta a kai shi gaba. A ganinsa waɗannan ma su ne, sun dai sauya riga. Ya tara magidanta bayan sallar asuba ya ce, "Baƙi na zuwa su ga tsiraicinmu. Kowa shi gyara gidanai."

Aka yi shara irin ta sallah. Aka wanke fuskokin yara da sabulu, aka rambaɗa musu kwalli. Waɗanda idonsu ya yi ja aka ɗora su a amalanke aka tura su fadama, wai su taya ban ruwa. Ma'aikatan suka zo da hantsi, suka duba yaran da aka jera musu, suka goga 'yar auduga a fatar idon wasu domin a kai ɗakin bincike. Wata daga cikinsu ta tambaya ko akwai babba da gashin ido ke damu. Inna Hajo tana ƙuryar ɗaki, tana jin komai. Kawu ya ce, "Gidan ga lahiya lau muke, ɗiyata." Ya sa aka dama musu fura, ya raka su har bakin mota.

Ranar an yabe shi a masallaci. Babu wanda ya ga laifinsa, har waɗanda suka yi boko a cikinmu, domin duk mun ji daɗin cewa ba za a yi mana waƙa a kasuwa ba.

Bayan 'yan watanni Inna Hajo ta je suna ƙauyen Fagada, ta haɗu da wata ƙawarta da suka daɗe suna fama da ciwo iri ɗaya. Idon matar tas. Ta ce mata ai waɗannan ma'aikatan ne suka gan ta, suka tura ta Jega aka gyara mata fatar ido. Inna Hajo ta dawo ta ba Kawu labari yana cin tuwo. Sahabi ya ce mini Kawu tsame hannu ya yi, bai ƙara loma ba.

Duk da haka bai kai ta ba. Kai ta asibiti na nufin kowa ya san cewa mutumin da ya ce gidansa lafiya lau ne ya ɓoye matarsa a ɗaki. Ya ce a bari a kwashe albasa. Aka kwashe, ya ce a bari damina ta wuce. Kafin ya gama ɗage-ɗagen, jinyarsa ta kwantar da shi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne shekarun da suka biyo bayan rasuwarsa. Mun yi wa Inna Hajo maganar zuwa Jega ta ƙi. "In na tahi yanzu, mi za a ce da Malam? A ce shi ya hana ni?" Ita tana kare sunan mamaci da idonta, mu kuma muka samu sauƙi a cikin ƙin da ta yi, muka kira shi biyayya ga uwa.

Nakan tambayi kaina yadda Kawu zai ɗauki abin da ake yi yau. Bara masu gwajin sun dawo, kuma yanzu har da huda yatsan yaro a ɗiga jini a 'yar takarda, domin a gane ko cutar na yawo har yanzu. Maganganu sun sauya kama. Wasu na cewa jinin sayar da shi ake yi. Iyaye mata kuwa tambayarsu ɗaya ce, kuma tana bisa hanya: in an gama binciken, wa zai dawo ya gaya musu abin da aka gani? Ba zan yi wa Kawu ƙarya in ce da shi zai fara miƙa jikokinsa ba. Ina jin da ya yi gardama kan jinin. Amma ina kyautata zaton da bai sake ɗaure shanu a amalanke ba. Wasu gidaje biyu a unguwarmu kuwa sun sake tura yaransu fadama, kuma da aka tambaye su, da sunansa suka kafa hujja.

Wannan ma gadonsa ne, kamar yadda gaskiyarsa a kasuwa take gadonsa. Ina yi masa addu'a kullum, kuma ban ga dalilin ɓoye ɗaya in bayyana ɗaya ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana.

A zuwan nan na bara, Sahabi bai sa an yi shara ba. Da aka tambaya ko akwai babba mai ciwo, ya shiga ya riƙo hannun mahaifiyarsa ya fito da ita tsakar gida, tana faɗa tana cewa ya sake ta. An yi mata aiki a Jega bayan ƙaramar sallah, kuma idon dama yana gani. Na hagu, likita ya ce an makara.