Ruwan Tabar da Na Ce wa Ƙanwata Tsimi Ne

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a unguwar Yelwa da ke Jalingo, mai baki, mai tsokana, wadda ba a zama kusa da ita a tashi ba a dara ba. Iyayenmu Zazzagawa ne, fatauci ya kawo su, amma ni da ƙanwata a nan aka yanke mana cibiya. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi makonni yana kan hanya, don haka ni ce uwa ni ce uba a gidan. Sana'ata kuwa taba ce. Na san wasu masu karatu za su taɓe baki, to ku taɓe, ni ma yanzu taɓewar nake yi. Wurin kakarmu na gaje ta. Ita garin taba na shaƙa take dakawa da kanwa tana sayar wa tsofaffi, ni kuma tun ina ƙarama nake tsince mata ganye, har ya zama da hanci kawai nake gane ganye mai kyau. Da na yi aure na samu kango a bayan gidanmu, sai na shuka tawa.

Wata rana wani mai masaukin baƙi ya aiko mini da wata taba mai kauri kamar babban yatsa, ganye ne ciki da waje, babu takarda ko kaɗan. Ya ce manyan mutanen da ke sauka wurinsa ita suke nema, daga waje ake kawo ta, ko zan iya naɗa irinta da ganyen gida. Na warware ta a kan faifai na dudduba, na ce in dai wannan ce ai wasan yara ne. Ashe ba wasan yara ba ne. Na ɓata ganye ba iyaka kafin na gane cewa aikin duk a haɗi yake. Ganyen gindi yana cin wuta da kyau amma salam yake, na tsakiya shi ke da ƙamshi, na can sama kuma da ya sha rana shi ke da ƙarfi, in ya yi yawa sai kan mutum ya juya. Sai ka san nawa za ka ɗiba daga kowanne, ka zare jijiyar, ka jera, ka dunƙule, sannan ka samo ganye mai faɗi marar huda ko ɗaya ka lulluɓe. Busasshen ganye kuma ba ya naɗuwa, karyewa yake yi, dole sai an yayyafa masa ruwa ya kwana ya yi laushi.

A wurin yayyafin nan na fito da tawa dabarar. Maimakon ruwa zalla, sai in jiƙa jijiyoyin da na zare da ɓurɓushin ganyen sama, in zuba kanumfari da dabino da ɗan zuma, in bar shi ya tsumu har ya yi baƙi-baƙi, in tace in ɗura a gorar roba. Shi ya sa tabata take da wani ƙamshi da babu wanda ya iya kwaikwaya, kuma ina ji da abin kamar ni na ƙirƙiro gishiri. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san guba ba ne. Na sani sarai. Da tsakin da ya rage bayan tacewa nake kashe ƙwarin da ke cin ganye, kuma na taɓa ganin kazata ta sha wanda ya zube a ƙasa, kafin in ɗaura zani ta miƙe ƙafa. Shi ya sa na tara yarana na yi musu kashedi mai zafi, na ajiye gorar a cikin ɗakina bayan randa, inda yake da sanyi don kada ya yi tsami. Yara na yi wa tanadi, babban mutum ko a raina bai zo ba.

Ƙanwata tana aure a unguwar Kachalla Sembe, kuma shekaru sun yi nisa ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata hankali ba, ita ce ta hana kanta sakat. Babu sassaƙen da ba ta sha ba, babu saiwar da ba ta dafa ba. In aka ce mata ga wata tsohuwa can bayan dutse tana ba da taimako, gobe da sassafe tana hanya. Ɗaci ba ya ba ta tsoro, ita a wurinta in magani bai yi ɗaci ba to ruwa ne. Adda take kirana, wato Yaya, yadda ake yi a nan, kuma duk abin da na faɗa mata ta ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Aibinta ɗaya, cikinta ba ya riƙe magana. Abin da ta gani a gidana da safe, kafin la'asar ya zaga unguwarsu.

Wata Juma'a ta zo ta same ni ina shara a ɗaki, idonta ya faɗa kan gorar. Ta ɗauka ta buɗe ta shinshina, ƙamshin kanumfari da dabino ya bugi hancinta, ta tambaye ni mene ne wannan. Nan take na tuna akwai wata mata a layinsu da ta fara gwada naɗin taba, in na faɗi gaskiya sirrina ya tafi. Sai na fizge gorar ina dariya, na ce mata tsimi ne, irin na manyan mata, daga nesa ake kawo mini. Da na ga ta zaro ido sai shaiɗan ya ƙara zuga ni, na ce ba ta ga duk dawowar maigidana daga tafiya sai na yi goyo ba, ai aikin tsimin nan ne. Ta kama hannuna tana roƙo in sam mata ko rabin kofi ne. Na ce ba na yara ba ne, ta bari sai ta girma. Ta ce wallahi Adda akwai rowa, na ce na ji, muka yi ta dariya. Na mayar da gorar inda take, a gaban idonta, na ci gaba da sharata.

Bayan 'yan kwanaki na fita da hantsi kai wa mai masaukin nan kayansa, yara suna makaranta, na saka mukulli ƙarƙashin turmi inda duk dangi suka san ina sakawa. Ana kiran sallar azahar na dawo. Tun daga bakin layi na hango mata sun taru a ƙofar gidana. Ina shiga na tarar da ƙanwata kwance a tsakar gida kan siminti, ta yi amai har ya ɓata mata hijabi, yawu yana dalala daga bakinta kamar an buɗe famfo. Gumi ya jiƙe ta sharkaf amma da na taɓa ta jikinta sanyi ƙalau. Hannuwanta suna karkarwa, leɓenta ya yi fari, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na kira sunanta, na girgiza ta, na sake kira, babu abin da ya fito sai wani gurnani daga maƙogwaro.

Kowa da abin da yake faɗa. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wata ta ce amai da gudawa ne, kowa ya ja baya. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Bamumuya, 'yar asalin yankin, da muke zaman mutunci, ita ce ta durƙusa ta shinshina aman, ta ɗago ta dube ni ta ce wannan warin kayan aikina ne, yarinyar nan me ta ci a ɗakina. Na tashi na shiga ɗaki da gudu, na leƙa bayan randa. Gorar tana nan a tsaye, an rufe ta da kyau yadda ba zan gane an taɓa ba, amma ruwan ya sauka sosai, ga kofin shayina a gefe da sauran baƙin abu a gindinsa. Jama'a, na taɓa jin tsoro a rayuwata, amma ban san akwai irin wannan ba. Kazar nan kawai nake gani tana shure-shure. Na fito ina ihu ruwan taba ta sha, a taimake ni, na kashe ƙanwata.

Aka ruga aka kawo manja da madara za a ɗura mata, dattijuwar nan ta hana, ta ce wadda ba ta iya haɗiyar yawunta in aka ɗura mata abu shaƙewa za ta yi. Ita ta fita titi babu ko takalmi ta taro keke mai ƙafa uku. Muka kinkime ta muka saka, kanta a cinyata, gorar a hannun dattijuwar don ta ce likita zai so ya gani. Hanyar da nake bi kullum ranar ta ƙi ƙarewa. Na dafa ƙirjinta, zuciyarta tana bugawa da sauri kamar za ta fasa, can kuma sai na ji ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har sai na danna sosai nake jin ta. A wajen kasuwa muka shiga cunkoso, na leƙa ina roƙon mutane da Allah da Annabi su ba mu hanya. Ina tofa mata duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ban ma san me nake karantawa ba. Abin da nake ta nanatawa a raina shi ne da wane baki zan gaya wa mahaifiyarmu.

A asibiti aka karɓe ta da gaggawa. Likita ya tambayi abin da ke cikin gorar, na zayyane masa komai, sirrin da na ɓoye wa 'yar uwata na faɗe shi a gaban baƙi ba tare da an roƙe ni ba. Aka sa mata ƙarin ruwa da abin taimakon numfashi, aka kore mu waje. Mijinta ya iso daga wurin aiki. Muna nan zaune a kan benci har rana ta yi sanyi, duk fitowar ma'aikaciyar jinya sai na miƙe na tare ta. Gab da magariba aka ce ta farfaɗo, har ta nemi ruwa. Na faɗi na yi sujada a wurin, na ɗauka an gama.

Washegari da safe jini ya ɓalle mata. Bayan an duba ta likita ya kira mijinta gefe, ina jin su, ya tambaye shi ko sun san tana da ƙaramin ciki. Babu wanda ya sani, ita kanta ba ta sani ba, don al'adarta dama takan yi mata wasa. Cikin bai tsaya ba. Na bi likitan har ƙofar ofishinsa na tambaye shi ko abin da ta sha ne ya jawo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, ƙaramin ciki yakan fita ko babu dalili, amma jikinta ya sha wuya ƙwarai. Na san ya faɗi haka ne don in samu abin riƙewa, kuma har yau ban riƙe ba. Abin da ta yi shekaru tana bin duwatsu tana nema, ashe yana jikinta ranar da ta ɗaga turmina ta ɗauki mukulli.

Da ta samu ƙarfin magana ita ta fara ba ni haƙuri. Ta ce in yafe mata ta shiga ɗakina ba izini. Ta ce tun kurɓar farko ta ji yana ƙona mata maƙogwaro, sai ta toshe hanci ta shanye, a ranta tana cewa lallai wannan mai kyau ne, shi ya sa Adda take rowarsa. Na ce mata ƙarya na yi, kuma na faɗa mata dalilin ƙaryar. Ta ce haka Allah ya rubuta. Ban taɓa jin ta sake ta da maganar ba, mijinta ma haka. Da sun zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Ina dawowa gida na tuge tabar kangon nan tas, wadda ke rataye a rumfa na cinna mata wuta. Yanzu kuɓewa da yakuwa nake shukawa a wurin. Tsokanar ma ta ragu, ba don na yi niyya ba, bakin ne ya yi nauyi. Na rubuto ne saboda masu sana'a a cikin gida, mai taba, mai sabulu, mai rini, mai haɗa maganin ƙwari. Kada ku zuba abin da ke kisa a gorar da aka saba shan abu a ciki, kuma kada ku ce yara kawai za ku tsare. In an tambaye ku mene ne, ku ce guba ne, da babbar murya, ko da sirrin sana'ar zai tafi. Sannan ku san da wa kuke wasa. Wanda ya daɗe yana neman abu ba ya jin wasa a kan abin, ni kuma na fi kowa sanin abin da ƙanwata take nema.

Har yanzu Allah bai sake ba ta ba, ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a. Tana zuwa gidana kamar da, ta yi wa yarana kitso, ta kira ni Adda. In zan miƙa mata ruwa, sai na leƙa cikin kofin na sake leƙawa. Ita kuwa karɓa take ta kafa kai ta shanye, ko cikin kofin ba ta dubawa.